Yaƙin da Ake Gani Daga Bakin Murhu

A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa tamowa ta kashe yara 652 a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Dalilan sun haɗa da tsadar abinci, da janyewar tallafin ƙasashen waje, da rashin tsaron da ya raba manoma da gonakinsu. Jaridu suka buga, aka yi ta salati kwana biyu, sannan wani labarin ya zo ya danne wannan. Babu ɗaya daga cikin yaran nan da jama'a ta san mai goya shi, ko abin da yake kuka a ba shi, ko ranar da uwarsa ta fara lura ƙafafunsa sun kumbura. Amma akwai wata yarinya 'yar shekara huɗu da yunwa ta kashe a Japan a 1945, sunanta Setsuko, wadda miliyoyin mutane a duniya suka san gwangwanin alewarta, suka san yadda take kiran yayanta, suka zubar mata da hawaye, alhali da fensir da fenti aka yi ta. Ina ganin akwai abin da mu mutanen kudancin Katsina ya kamata mu koya a nan. Japanawa sun gane cewa wanda yake son jikokinsa su fahimci yaƙi, daga bakin murhu zai ba su labarinsa, daga wajen waɗanda ba su taɓa riƙe makami ba. Kuma zane mai motsi, wanda muka raina muna ce masa katun, ya fi sauran hanyoyi dacewa da irin labarin da yake hannunmu yau.

Dubi yadda ake ba da labarin masifar da muke ciki. Duk saurayin da ke zaune a majalisa a Funtua ko Malumfashi zai jero maka sunayen manyan ɓarayin daji ba tare da ya yi tuntuɓe ba. An san Auwalun Daudawa ne ya jagoranci kwashe ɗalibai sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disambar 2020, an san ya ajiye makami a Gusau, ya koma daji, aka kashe shi a 2021. An san Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa bayan kisan Kadisau ta Faskari a 2020, an kuma san rawanin da aka naɗa masa a 'Yandoto a 2022 da ƙurar da ya tayar. Duk zaman sulhun da aka yi, tun daga na zamanin Gwamna Masari a 2019 har zuwa waɗanda ƙananan hukumomi suka yi ta yi a 2025, hoton da ke yawo a wayoyi shi ne na mai bindiga a kafaɗa da jigidar harsashi, yana magana ana saurare. Waɗanda aka kashe a 'Yargoje a 2024, da masallatan da aka buɗe wa wuta a sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agustan 2025, adadi kawai suka zama, adadin ma ana gardama a kansa tsakanin hukuma da mutanen gari. Yaron da ya tashi yana ganin mai bindiga ne ke da suna da fuska da murya, manomi kuwa lamba ce a bakin mai karanta labarai, ya riga ya ɗauki darasi mai haɗari ba tare da kowa ya yi niyyar koya masa ba.

Fim ɗin da Setsuko ta fito a ciki, Grave of the Fireflies, kamfanin Studio Ghibli ne ya fitar da shi a 1988 a ƙarƙashin darakta Isao Takahata, wanda shi kansa ya tsira daga ruwan bama-baman da aka yi wa garin Okayama yana ɗan shekara tara. Tushen labarin gajeren ƙagagge ne da Akiyuki Nosaka ya rubuta a 1967, saboda ƙanwarsa da yunwa ta kashe a hannunsa a ƙarshen yaƙin, abin da ya ci gaba da cin sa a zuci. Babu fagen fama a fim ɗin ko sau ɗaya. Jiragen Amurka sun ƙone birnin Kobe, uwar yaran ta mutu da ƙuna, ubansu yana sojan ruwa ba a jin ɗuriyarsa, sai Seita ɗan shekara goma sha huɗu ya goya ƙanwarsa suka tafi gidan wata gwaggonsu ta nesa a Nishinomiya. Daga nan duk abin da ya biyo baya maganar shinkafa ce. Da farko gwaggon ta karɓe su da fara'a. Da rabon abincin gwamnati ya ragu, sai ta sa aka sayar da tufafin uwarsu aka sayi shinkafa, ta riƙa zuba wa 'yan gidanta masu fita aiki ƙwayar, marayu kuwa ruwan sama-sama, tana goranta musu cewa ba sa tsinana wa ƙasa komai. Zuciya ta ɗebi Seita, ya raba tukunya, daga baya ya kwashe ƙanwarsa suka koma wani ramin fakewa a bakin tafki. Wani manomi ya ba shi shawara ya haɗiye girman kai ya koma ya ba gwaggo haƙuri, ya ƙi. Ya shiga satar amfanin gona, aka kama shi aka yi masa duka. Da ya kai yarinyar wajen likita, likita ya ce ba ciwon magani ba ne, abinci take buƙata, ya kira na gaba.

Takahata ya sha faɗa cewa bai ɗauki aikin nan a matsayin fim ɗin adawa da yaƙi ba, abin da ya dame shi shi ne yadda yara biyu suka yanke daga jama'a, jama'a kuma ta bar su suka yanke. Wannan ne ya sa nake ganin fim ɗin kamar don mu aka yi shi. Gwaggon nan ba muguwa ba ce irin ta tatsuniya. Mace ce da tukunyarta ta ƙanƙance, bakuna suka ƙaru. Yau a Funtua da Bakori da Malumfashi akwai magidanta da yawa da suka wayi gari da iyalan ɗan'uwa daga ƙauyukan Faskari ko Sabuwa ko Dandume ko Ƙanƙara, mutum goma a ɗakin da aka gina don uku, tiyar masarar da ke kai gida kwana biyu ta koma ba ta kai wuni. Waɗansu sun riƙe amana har yau, Allah Ya saka musu. Waɗansu kuwa zumuncin ya tsinke a kan abin da bai kai ya kawo ba, a kan omo, a kan itace, a kan wane yaro aka fara zuba wa, har baƙin suka gwammace kango marar ƙofa da zaman gori. Matan da muke gani da yara a bakin masallatai da tashoshin mota, da yawansu sun taɓa mallakar rumbu da awaki, kuma kafin su fito titi sun bi ta gidan wani nasu. Wannan shi ne yaƙin kamar yadda mafi yawan mutane suke ɗanɗana shi, kuma babu jaridar da za ta buga shi, domin babu gawa a ciki ranar da ya faru. Fim ɗin da zai nuna mai masauki da baƙonsa, kowa da uzurinsa da laifinsa, zai taɓa mutumin gari fiye da hoton gawarwaki, saboda a cikinsa zai ga kansa.

Wani fim ɗin, In This Corner of the World, wanda Sunao Katabuchi ya fitar a 2016 daga littafin zane na Fumiyo Kono, ya ƙara kusantar murhun. Suzu yarinya ce mai son zane da aka aurar daga Hiroshima zuwa Kure, garin sansanin jiragen ruwan yaƙi, a 1944. Rabin fim ɗin girki ne da ɗinki da ɗiban ruwa: yadda take tsinko ganyayen bakin hanya ta haɗa da ɗan kifin da aka raba, yadda take dafa shinkafa ta kumbura don ta cika kwano ko da ba ta da daɗi, yadda take farke rigar ado ta mayar da ita wandon aiki, yadda farashin sukari a kasuwar bayan fage ya ɗaure mata kai. Sai da mai kallo ya saba da gidan, ya san kowa, sannan wani bam da ya kwanta a ƙasa bai tashi ba ya fashe, ya kashe ƙaramar yarinyar da take riƙe da hannunta, ya tafi da hannun daman da take zane da shi. Hikimar a fili take: ba ka jin zafin rushewar abin da ba a nuna maka yadda yake a tsaye ba. Katabuchi ya shafe shekaru yana bin tsofaffin hotuna da taswirori, yana tambayar tsofaffin da suka rayu a unguwar da bam ɗin nukiliya ya shafe a tsakiyar Hiroshima, har ya maido da shagunan a wurarensu. Mu ma muna da garuruwan da suka tashi, inda ciyawa ta cinye masallaci da rijiya. Wa ya rubuta yadda ake huɗa da maimai a can, wace rana kasuwarsu take ci, wa ke kiran salla, ina 'yan mata suke gaɗa? Wa ya adana yadda uwa take kwaɗa tafasa da ɗan ƙuli don yara su yi barci, ko yadda ƙauye yake karo-karo ya haɗa harajin da ɓarayi suka ɗora kafin a bari a girbe masara da waken suya, ko yadda aka rayu a ƙarshen 2021 lokacin da aka katse layukan waya a Funtua da maƙwabtanta, aka rufe kasuwannin dabbobi, mutum ya yi tafiya mai nisa don kawai ya ji ko ɗan'uwansa yana raye?

Mai karatu zai iya cewa to, a yi fim da 'yan wasa mana, ga Kannywood nan. Ba na raina wannan, amma akwai wuraren da kyamara ba ta shiga. Ba wanda zai ɗauki 'yan wasa da kayan aiki ya kai su dajin Faskari. Matar da ta dawo daga hannun masu garkuwa ba za ta zauna gaban kyamara ta faɗi abin da aka yi mata ba, domin tana da miji da 'ya'ya da surukai, kuma garin cike yake da infoma. Zane yana ɓoye fuska ya bar gaskiya. Haka aka yi a fim ɗin Flee na ƙasar Denmark a 2021, inda wani ɗan gudun hijirar Afganistan ya ba da labarinsa da muryarsa, aka sauya masa suna aka zana masa wata fuskar. Zane kuma yana iya nuna abin da ido ba zai jure gani a hoto ba, ba tare da an tozarta mamaci ba. Keiji Nakazawa yana ɗan shekara shida bam ya faɗa Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945, ya rasa ubansa da yayarsa da ƙanensa a ranar, jaririyar da uwarsa ta haifa a wannan yini ita ma ba ta yi nisa ba. Ya fara zana labarin a 1973 da sunan Barefoot Gen, aka mayar da shi fim a 1983. Abin da ya nuna na narkewar jikin mutane, da a hoto ne da ba a bari yaro ya gani ba, amma a zane yaran makarantun Japan sun karanta shi shekara da shekaru. Mu kuwa hotunan gawarwakin 'yan'uwanmu ne ke yawo a WhatsApp ba sutura ba izini, har ido ya saba, zuciya ta daina motsi.

Masu cewa katun abin yara ne, amsarsu gajeriya ce: su zauna su kalli ɗaya daga cikin finafinan Japan ɗin nan uku har ƙarshe. Maganar addini ta fi wannan nauyi. Malamai sun daɗe da saɓani kan zana abu mai rai, kuma ba hurumin marubucin jarida ba ne ya yanke hukunci. Abin da zan iya nunawa shi ne al'ummomin Musulmi da dama sun rungumi wannan hanya don ilmantarwa, har kamfanin Manga Productions na Saudiyya ya haɗa hannu da Toei na Japan suka fitar da The Journey a 2021, a kan mutanen Makka da rundunar Abraha. Wanda ya tsaya a kan fatawar haramci, ina girmama matsayinsa, kuma jigon maganata bai faɗi ba, domin wasan kwaikwayon rediyo da rubutaccen labari suna nan, su ma za su iya kallon yaƙi daga inda talaka yake tsaye.

Hukuma ma tana da nata tsoron. A Satumbar 2021 hukumar tace finafinai ta Kano ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, a 2022 kuma hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan fashin daji, ta kuma ci tarar kamfanonin da suka haska na BBC. Damuwarsu ita ce kada a koya wa matasa sana'ar, kada a mayar da ɗan ta'adda gwarzo. Damuwar tana da tushe, amma maganin da suka zaɓa ya bar filin ga masu bindiga, waɗanda ba sa neman izinin kowa kafin su hau TikTok. Irin fim ɗin da nake magana a kai shi ne ainihin maganin abin da suke tsoro. A Grave of the Fireflies ba a nuna fuskar matuƙin jirgi ko ɗaya ba, babu abin sha'awa a makamin, illarsa kawai ake gani a jikin yarinya. Ya kamata masu tacewa su bambance fim ɗin da ke bin ɗan bindiga a kan babur da wanda ke zaune da matar da ya mayar bazawara.

Sukar da ta fi kowace ƙarfi daga Asiya ta fito. 'Yan China da Koriya sun daɗe suna cewa irin waɗannan finafinai suna nuna Japan a matsayin wadda aka zalunta kawai, alhali ita ta mamaye Koriya daga 1910, sojojinta suka yi kisan Nanjing a 1937. Gaskiya ne kuka na iya zama mafakar mai laifi. Mafi kyawun masu zanen sun san haka. A Barefoot Gen, uban yaron ya fito fili ya soki yaƙin har maƙwabta suka kira shi maci amanar ƙasa, kuma littattafan Nakazawa sun zana ta'asar sojan Japan ƙarara, abin da ya sa hukumar ilimi ta birnin Matsue ta taƙaita karanta su a makarantu, sai da jama'a suka yi ca a 2013 aka janye. Suzu kuwa, ranar da aka sanar da saranda, ta hango tutar Koriya an ɗaga ta a unguwa, ta gane cewa shinkafar da ta rayu da ita daga ƙasashen da aka danne take zuwa. Wannan gargaɗi ya shafe mu kai tsaye. Idan muka zana labarinmu ya zama ƙauyen Hausawa ne kaɗai ke kuka, mun yi rabin gaskiya, rabin gaskiya kuwa ita ce makamashin ramuwar gayya. Akwai rugar da aka ƙone, akwai makiyayin da aka fara sace wa shanu tun kafin a taɓa ƙauye, akwai Bafulatanin da 'yan sa-kai suka kashe a kasuwa saboda kamanninsa kawai, akwai burtalin da aka nome. Akwai kuma ɗan gari da ke kai wa daji fetur da burodi da labarin wanda ya sayar da amfanin gona. Faɗin wannan ba ya wanke wanda ya buɗe wa masallata wuta. Yarinyar ruga da ta kwana a daji tana rawar ɗari bayan an ƙone bukkarsu, da yarinyar ƙauye da ta kwana cikin dawa, duk farar hula ne, kuma fim ɗin da ya kasa ɗaukar su biyun bai cancanci wahalar yin sa ba.

Saura masu cewa mai jin yunwa ba ya kallon fim, kuma wuta tana ci ba a zaman ba da labarinta. Na yarda buhun masara ya fi gaggawa, na kuma yarda fim irin wannan yana cin kuɗi da shekaru. Katabuchi kansa sai da mutum 3,374 suka yi masa karo-karo ta intanet, kusan yen miliyan 39, kafin manyan masu kuɗi su kula shi. Amma a lura da abin da ya riga finafinan. Tun a 1951 wani malamin jami'a, Arata Osada, ya tattara rubuce-rubucen yaran makarantar Hiroshima a kan abin da suka gani ya buga. A 1974 gidan talabijin na NHK ya nemi waɗanda suka tsira su zana abin da suke tunawa, tsofaffin da ba su taɓa koyon zane ba suka aiko da sama da 2,000. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, labarin zamanin farautar bayi ne ta idon yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa. A Giwa, nan kan hanyarmu ta Zariya, Baba ta Karo ta zauna da Mary Smith daga ƙarshen 1949 ta ba ta labarin yadda mahara suke kwashe matan gida a fanso su da kuɗin wuri, kuma don an rubuta ne muke da shi. Yunwar Kakalaba ta 1914 kuwa, wadda ba a rubuta labarinta sosai daga bakin talakawan da suka sha ta ba, kusan sunanta kawai ya rage a bakin jama'a.

Aikin farko ba ya buƙatar sutudiyo. Malaman firamare a Funtua da Malumfashi da Bakori, inda yaran da aka raba da garuruwansu suke zaune a aji, za su iya ba su takarda da fensir su zana garinsu yadda yake kafin a tashe shi, ba tare da an tilasta wa kowa tuna abin da ba ya so ba. Ɗaliban sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za su iya naɗar muryoyi, mata su tambayi mata, a je ƙauye a je ruga, a sauya sunaye tun a ranar ɗauka domin kada faifan ya zama jerin sunayen da zai faɗa hannun infoma. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ita ce ta dace ta adana su. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan kusa da mu da matasa masu hannu, kuma masu fassarar finafinan Indiya irin su Algaita sun riga sun nuna cewa Bahaushe zai kalli labarin kowace ƙasa muddin da harshensa aka yi masa magana. Su nemi izinin masu finafinan Japan ɗin nan uku su sa musu muryar Hausa, a haska su a makarantu da gidajen kallo, sannan a fara da gajeren zane na minti goma a kan gida ɗaya da baƙinsa.